Tambayoyi da Amsoshi kan Wasan She Stoops to Conquer: Jigoginsa da Taurarinsa

Wannan wasa na Oliver Goldsmith ya taɓa shiga jerin littattafan adabi da WAEC ke sa wa ɗaliban sakandare, shi ya sa da yawa a cikinmu suka fara saninsa ta hanyar haddace sunayen taurari don jarrabawa. Abin takaici ne, domin wasa ne mai daɗi ƙwarai, kuma ƙarƙashin rahar da ke cikinsa akwai magana mai nauyi game da yadda mutum ke canza fuska gwargwadon matsayin wanda ke gabansa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wa ya rubuta shi, kuma yaushe?

Oliver Goldsmith, haifaffen ƙasar Ireland wanda ya yi rayuwarsa ta rubutu a Landan. An fara nuna wasan a gidan wasan Covent Garden ranar 15 ga Maris, 1773. Manajan gidan, George Colman, bai so ya karɓe shi ba don yana ganin ba zai samu karɓuwa ba, sai da abokan marubucin suka matsa masa, musamman shahararren marubuci Samuel Johnson, wanda Goldsmith ya sadaukar wa wasan daga baya. Da aka nuna shi jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu. Goldsmith bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba, ya rasu a watan Afrilun 1774.

Wane irin wasa ne wannan?

Yana cikin wasannin barkwancin da ke ɗora madubi a gaban masu hannu da shuni: yadda suke gaisawa, yadda suke neman aure, yadda suke sa tufafi, da yadda suke ɓoye son kuɗi a bayan ladabi. Irin wannan wasa ya yi tashe a Ingila bayan 1660, lokacin da aka sake buɗe gidajen wasa da aka rufe tun 1642. Amma kafin zamanin Goldsmith wani salo ya mamaye dandamali, salon da taurarinsa mutanen kirki ne masu dogayen jawabai na wa'azi, 'yan kallo kuma su tashi da hawaye. Goldsmith bai ga amfanin wannan ba. A farkon 1773 ya fitar da maƙala yana cewa aikin wasan barkwanci shi ne ya sa mutane dariya a kan wautar ɗan Adam, idan kuwa aka kori dariya daga dandamali za a wayi gari an manta yadda ake yin ta. Wasan da muke magana a kai shi ne hujjarsa a aikace.

Mene ne labarin a taƙaice?

Komai ya faru a dare guda, a wani tsohon gida a ƙauyen Ingila. Maigidan, Mista Hardcastle, yana jiran Charles Marlow, ɗan tsohon amininsa, wanda zai zo daga Landan ganin 'yarsa Kate da niyyar aure. Marlow da abokinsa George Hastings suka ɓace hanya, suka tsaya tambaya a wata mashaya mai suna Three Pigeons. A nan suka gamu da Tony Lumpkin, agolan Hardcastle. Tony ya ce musu gidan da suke nema yana da nisa kuma hanyar ba ta biyuwa da dare, amma akwai masauki mai kyau nan gaba kaɗan. Masaukin da ya kwatanta musu kuwa gidan Hardcastle ne. Suka isa suka ɗauki surukin gobe a matsayin mai otal, daga baya Marlow ya ɗauki Kate a matsayin 'yar aikin otal ɗin. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a kan wannan duhu aka gina kashi biyar ɗin wasan. A gefe guda akwai labarin Hastings da Constance Neville, 'yar riƙon matar gidan, waɗanda ke shirin gudu Faransa su yi aure.

Ta yaya mai hankali zai ɗauki gidan mutum a matsayin otal har tsawon dare?

Goldsmith ya san za a yi wannan tambayar, don haka ya toshe ƙofofinta tun da wuri. A fitowar farko matar gidan tana ƙorafi cewa tsohon gidan nasu ba shi da maraba da masaukin matafiya. Sannan Tony ya ja kunnen baƙin cewa mai otal ɗin ya yi kuɗi, yana shirin barin sana'ar, don haka yana son a ɗauke shi babban mutum, kuma zai cusa kansa cikin hirarsu. Saboda haka duk karamcin da Hardcastle ya nuna musu sai suka fassara shi a matsayin shisshigin mai otal. Na uku, Hastings ya gano gaskiya tun a kashi na biyu da ya ci karo da Constance, amma suka yanke shawarar ɓoye wa Marlow, don sun san kunya za ta sa ya bar gidan nan take, shirinsu na gudu ya wargaje. Ana kuma ba da labarin cewa irin wannan kuskure ya taɓa faruwa da Goldsmith kansa yana saurayi a Ireland.

Mene ne babban jigon wasan?

Littattafan bita sukan ce bambancin zahiri da baɗini, ko ruɗani da kuskuren gane mutum. Gaskiya ne, amma a ganina bai isa ba. Abin da ruɗanin ya fallasa shi ne jigon: mutane ba sa girmama mutum, matsayinsa suke girmamawa. Dubi Hardcastle. Dattijo ne guda, magana guda yake yi, karamci guda yake nunawa. Da Marlow ya san shi ne aminin mahaifinsa, da ya zauna a takure yana sauraron labaransa na yaƙi. Da yake yana zaton mai otal ne, sai ya haye kujerarsa mafi daɗi, ya katse masa magana, ya nemi a kawo masa jerin abincin dare ya yi ta kushewa, ya ce sai ya je da kansa ya duba shimfiɗa, daga ƙarshe ya umurci barorinsa su sha giyar gidan iya cikinsu. Da dattijon ya gaji ya ce ya fice masa daga gida, Marlow cewa ya yi a kawo masa lissafin kuɗinsa. Hardcastle bai canza ba ko kaɗan. Abin da ya canza shi ne sunan da Marlow ya liƙa masa a zuciyarsa.

Sauran jigogin duk rassa ne na wannan: birni da ƙauye, tsofaffi da matasa, aure don so da aure don dukiya.

Shin Marlow mai kunya ne da gaske?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Mahaifinsa ya rubuto cewa babu saurayi mai kamun kai irinsa, kuma ganawarsa ta farko da Kate kamar ta tabbatar da haka. Ya tsaya yana in'ina, ya fara jimla ya kasa ƙarasawa sai ita ta ƙarasa masa, idonsa a ƙasa har suka rabu bai ga fuskarta ba. Wannan rashin kallon ne ya ba ta damar yaudararsa daga baya.

Amma da daren ya yi, Kate ta sa tufafin aikin gida, ya zaci 'yar aiki ce, sai ga wani Marlow daban. Baki ya buɗe, yana yabon idanunta, yana neman sumbatarta, yana fahariya cewa a wani kulob na mata a Landan shi ne ɗan gaban goshi, har da sunan ƙarya da ya ba kansa. Ya kama hannunta yana ja, a daidai lokacin mahaifinta ya shigo ya gani.

Mai kunya na gaskiya ba ya ajiye kunyarsa a bakin ƙofar kicin. Abin da ke damun Marlow tsoro ne: tsoron matan da suke daidai da shi, waɗanda za su iya auna shi su ga gazawarsa. Wadda yake ganin tana ƙasa da shi ba ta da wannan iko a kansa, don haka yake sakewa da ita har ya wuce gona da iri. Shi da kansa ya shaida wa Hastings cewa rayuwarsa ta ƙare a makaranta da masaukai, bai taɓa sabawa da wata mace mai mutunci ba in ban da mahaifiyarsa. Wannan bayani ne, ba uzuri ba ne. Mai karatu ya tuna cewa 'yar aiki ta gaskiya, wadda ba ta da uba mai gida a bayanta, ba za ta ga abin dariya a wannan fitowa ba.

Inda wasan ya nemo masa sassauci shi ne kashi na huɗu. Da ya fara zargin ya yi kuskure, Kate ta ce masa ita 'yar'uwar masu gidan ce matalauciya, mai riƙe makullai, kuma daga bakinta ya tabbatar gidan Hardcastle yake. Ta yi kamar tana kuka don zai tafi. Hawayen suka taɓa shi, ya gaya mata gaskiya cewa bambancin asali da dukiya ba zai bari ya aure ta ba, kuma ba zai yarda ya lalata rayuwar yarinyar da ta amince da shi ba. A kashi na biyar ya ƙara gaba, ya durƙusa ya nemi aurenta yana zaton ba ta da ko sisi. Wannan ne karo na farko da ya yi wa mace magana da girmamawa kuma ba tare da in'ina ba.

Me ya sa Kate ta yarda ta zama 'yar aiki? Ba zubar da daraja ba ne?

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma kusan abin da sunan wasan ke nufi ke nan. Ba ita ta ƙirƙiro ruɗanin ba. Akwai yarjejeniya tsakaninta da mahaifinta: da safe ta yi adon da take so ta karɓi baƙi, da yamma ta sa tufafi marasa ado don faranta masa. Cikin waɗannan tufafi Marlow ya gan ta ya yi kuskure, baranyarta ta kawo mata labari, ita kuma ta ga dama ta samu. Ta faɗi dalilanta a fili: zai kalle ta, wanda bai yi ba da farko, za ta saba da shi, kuma za ta auna shi a lokacin da bai san ana auna shi ba.

Abin da nake so game da Kate shi ne ba ta yi wa mahaifinta tawaye ba, kuma ba ta miƙa wuya ido rufe ba. Da Hardcastle ya ce bai taɓa ganin marar kunya irin wannan yaro ba, ita kuma ta ce ba ta taɓa ganin mai nauyin baki irinsa ba, sai suka yi sharaɗi: kowa ya ba ɗan'uwansa dama a gani. Bayan ya ga an kama mata hannu ya fusata, ta roƙi a ba ta lokaci, ya ba ta awa guda. A ƙarshe ita ta shirya mahaifinta da Sir Charles, mahaifin Marlow, suka laɓe suka ji neman auren da kunnensu. Daga farkon wasan har ƙarshensa ita kaɗai ce ta ga fuskokin Marlow duka biyu, kuma da saninta ta zaɓe shi.

Wane irin mutum ne Mista Hardcastle?

Mai son duk abin da ya tsufa: tsoffin abokai, tsoffin littattafai, tsoffin ɗabi'u, har da tsohuwar matarsa, kamar yadda yake tsokanarta. Ba ya son Landan da yayinta. Yana da labaran Yarima Eugene da Duke na Marlborough, manyan kwamandojin yaƙi, da ya maimaita har mutanen gida sun haddace. Fitowar da yake horar da barorinsa kafin baƙi su iso tana cikin mafi daɗi a wasan. Ya ɗebo su daga gona da rumbu yana koya musu tsayuwa a bakin teburi: ɗaya, Roger, ya cire hannu daga aljihu, wani kuma, Diggory, kada ya sa baki a hirar baƙi, kada ya tuntsire da dariya idan maigida ya ba da labari. Diggory ya ce to kada a ba da labarin nan da suka shekara ashirin suna dariya a kansa, don ba zai iya daurewa ba. Maigidan da kansa ya fashe da dariya ya ce an yarda ya yi dariyar wannan. A nan za ka ga bambancinsa da Marlow. Hardcastle yana da iko a kan barorinsa, amma yana iya dariya tare da su.

Kuma shi ne tun farko ya gaya wa Kate cewa ba zai tilasta mata miji ba.

Matarsa fa, muguwa ce?

Ita ce ta fi kowa laifi a gidan, ko da yake ba a zana ta baƙi ƙirin ba. Ba ta taɓa zuwa Landan ba amma ranta na can, tana kwaikwayon gyaran gashi daga hoton littafin bara, tana rage shekarunta, Hastings kuma ya gane lagonta ya yi ta zuga ta. Wannan duka wauta ce mai sauƙi. Laifin shi ne abin da take yi da Constance. Gadon yarinyar kayan ado ne masu tsada da wani kawunta mai hulɗa da Indiya ya bar mata, kuma suna hannun matar. Don kada dukiyar ta fita daga gida take son dole Constance ta auri Tony, alhali ba sa ƙaunar juna, sai dai su yi wasan masoya idan tana kallo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa marainiya aure da ɗan mariƙinta don gadonta ya zauna a gida zai gane wannan mata tun kafin ta gama magana. Don cimma burinta har shekarun ɗanta ta ɓoye masa.

Amma akwai fitowa ɗaya da ke nuna ɗaya ɓangarenta. Lokacin da ta zaci ɗan fashi ne ya tare su, ta fito daga maɓoyarta ta zube tana roƙon a karɓi kuɗinta da ranta a bar mata ɗanta. Son gaskiya ne, irin wanda ya sangarta yaron.

Tony Lumpkin wawa ne ko mai wayo?

Kowa a gidan wawa yake ɗaukarsa. Karatu ya gagare shi, wasiƙa ma da ƙyar yake harhaɗa baƙaƙenta, rayuwarsa mashaya da dawakai da wata budurwa mai suna Bet Bouncer da ba a taɓa nuna ta a dandamali ba. Amma ka cire Tony, babu wasa. Shi ya tura baƙin gidan, kuma da dalili: mijin uwarsa ya daɗe yana zaginsa, sannan Marlow, bai san da wa yake magana ba, ya ce ya ji labarin agolan gidan sakarai ne da ke manne da zanen uwarsa. Shi ya sato akwatin adon ya ba Hastings. Shi ya ba uwarsa shawarar ta ce wa Constance kayan sun ɓata zai yi mata shaida, sannan da ta gano sun ɓata da gaske tana kururuwa, ya tsaya yana yaba mata iya wasa yana cewa zai shaida.

Rashin karatunsa ya taɓa jawo ɓarna. Hastings ya aiko masa wasiƙa kan shirin gudu, Constance ta karɓa ta ce labarin faɗan zakaru ne kawai, ba ta san ta taɓo abin da ya fi so ba, sai ya miƙa wa uwarsa ta karanta masa. Asiri ya tonu. Amma shi ya gyara: uwar ta ce a kai Constance gidan wata gwaggo da ke can nesa, Tony ya ja keken dokin ya yi ta zagaye gidansu cikin duhu, ta cikin taɓo da kwazazzabai, ya ƙare da su a kududdufin dawakai da ke ƙarshen lambu, uwar tana zaton sun yi nisa cikin dajin 'yan fashi.

Me ya sa Constance ta fasa gudu bayan hanya ta buɗe?

Domin ta fi Hastings sanin duniya. Shi yana cewa a bar dukiyar, so ya ishe su. Ita ta ce a lokacin zumuɗi ana raina kuɗi, amma nadamar takan daɗe. Ta zaɓi ta koma ta kai kukanta gaban Hardcastle. A Ingilar wancan zamani mace ba ta da hanyoyin samu da yawa, gadonta shi ne madogararta, kuma tun dokar aure ta 1753 wanda bai kai shekara 21 ba ba ya aure sai da yardar iyaye ko mariƙa. Wasan bai zarge ta da son abin duniya ba, ni ma ban ga abin zargi ba.

Akwatin kuwa ya yi tafiya mai ban dariya: Tony ya ba Hastings, Hastings ya ba Marlow ajiya, Marlow ya aika wa "matar mai otal" don ya fi tsaro a hannunta. Haka ya koma inda aka sato shi.

Yaya aka warware rikicin?

Da magana guda. Sharaɗin shi ne kayan adon za su koma hannun Constance idan Tony, bayan ya kai shekarun mallakar kansa, ya ƙi aurenta da bakinsa. Hardcastle ya bayyana cewa Tony ya kai tun wata uku da suka wuce, an ɓoye masa ne da fatan zai gyaru. Nan take Tony ya kama hannun Constance ya sanar a gaban kowa cewa ba ya son ta da aure. Ta samu dukiyarta da Hastings, shi ya samu 'yancinsa da gadonsa na fam 1,500 a shekara, Marlow kuma ya sha tsokana wajen Kate kafin a haɗa hannunsu.

Akwai abin da za a kushe a wasan?

Akwai. Tun a lokacin wasu sun ce barkwancinsa na ƙasa-ƙasa ne, marubuci Horace Walpole na cikinsu, kuma tafiyar keken doki a bayan gida tana buƙatar mai kallo ya kau da kai kaɗan. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne sauƙin da aka yafe wa Marlow. An ba shi kunya don ya yi wa 'yar babban gida rashin ɗa'a bisa kuskure, ba don yana yi wa 'yan aiki haka ba. Ko a lokacin da ya durƙusa, Kate ta riga ta gaya masa cewa asalinta da tarbiyyarta ba su gaza na 'yar gidan ba, kuɗi kawai ta rasa. Wato ya tsallake katangar dukiya, amma ba a jarraba shi da katangar asali ba. Ɗalibin da ya kawo wannan a amsarsa, tare da hujja daga kashi na uku da na biyar, ya karanta wasan da kyau.

Wanda zai karanta shi karon farko, daga ina zai kama?

Turancinsa na ƙarni na 18 ne, kuma maganar Tony da Diggory an rubuta ta da karin harshen ƙauye, don haka shafukan farko za su yi nauyi. Ku taru ku uku ko huɗu ku raba taurari ku karanta da ƙarfi, musamman kashi na biyu. A kula da maganganun da tauraro ke yi a gefe don 'yan kallo kaɗai su ji: a fitowar abincin dare Hardcastle yana mamakin rashin kunyar baƙonsa a gefe, Marlow ma yana mamakin rashin kunyar mai otal a gefe, kowannensu kuma yana ci gaba da yi wa ɗan'uwansa magana a fili. A kowace fitowa kuma a rubuta a gefen shafi wa ya san gaskiyar gidan, wa bai sani ba tukuna, domin jerin yana canzawa daga kashi zuwa kashi, kuma tambayoyin jarrabawa kan ruɗanin wasan daga nan suke fitowa.